Wanda ya zaɓi ɗan takara na uku, ina ƙuri'arsa take zuwa?

Habu Greensboro:
Assalamu alaikum ƴan gida. Ina da tambaya ga manyanmu, musamman Mushe Lawali. Kun san nan Amurka jam'iyyu biyu ne suka kankane komai, Democrat da Republican. A zaɓen 2024 mu Musulmi masu takardun ƙasa mun rabu saboda yaƙin Gaza. Wasu suka ce hannunsu ba zai zaɓi Kamala Harris ba, tunda gwamnatinsu ce ke tura wa Isra'ila makamai. Trump kuma ba a manta da dokarsa ta 2017 ba, wadda ta hana mutanen wasu ƙasashen Musulmi shigowa. Sai suka jefa wa Jill Stein ta jam'iyyar Green, ni ma ita na zaɓa. A Dearborn, garin da Larabawa ke da yawa a jihar Michigan, ta samu kusan kashi 18 cikin 100, amma a ƙasa baki ɗaya ko kashi 1 ba ta kai ba. Har gobe in an sauko Juma'a sai wani ya ce mana mun ƙona ƙuri'a. Don Allah wanda ya zaɓi mutumin da ya san ba zai ci ba, ɓarna ya yi?

Alhaji Ila:
Wa alaikumus salam. Habu ɗana, ɓarna ce. Ɗayan biyun nan ne zai hau, ko ka so ko ka ƙi. In duk ba su yi maka ba, ai akwai wanda sharrinsa ya fi sauƙi, shi za ka duba. Ranar zaɓe ranka ya yi fari, to shekara 4 ɗin da ke biyowa wa zai mulke ka?

Nana Hadiza:
Baba Alhaji, ku yi haƙuri in sa baki. Da wannan magana ta mai sauƙin sharri ake riƙe mutane tun ba a haife mu ba. In jam'iyya ta tabbata ba ka da wurin zuwa, me zai sa ta saurare ka?

Mushe Lawali:
Habu, kafin a ce ɓarna ko ba ɓarna ba, a fara duba yadda ake ƙirga ƙuri'a a can, don ba irin namu ba ne. Ba yawan ƙuri'un ƙasa ke naɗa shugaban Amurka ba. Akwai wakilan zaɓe 538 da aka raba wa jihohi, wanda ya samu 270 shi ya ci. Kuma wanda ya zo na ɗaya a jiha, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar gaba ɗaya, in ban da Maine da Nebraska da ke da nasu tsarin rabo. Babu zagaye na biyu. Ka jefa sau ɗaya, an rufe akwati, magana ta ƙare.

A 1992 wani attajiri, Ross Perot, ya tsaya ba jam'iyya. Kusan mutum miliyan 20 suka zaɓe shi, kashi 19 cikin 100. Wakili ko ɗaya bai samu ba. Rabon da wani wanda ba na manyan jam'iyyun biyu ba ya ci jiha tun George Wallace a 1968, shi ma jihohi 5 na kudu ne, da aƙidarsa ta wariyar launin fata.

Abin da ya fi tsaya wa Amurkawa a rai shi ne 2000. A jihar Florida George Bush ya rinjayi Al Gore da ƙuri'a 537 kacal, kuma da wakilan Florida ya zama shugaba. Ralph Nader na jam'iyyar Green, wannan dai jam'iyyar da ka zaɓa, ya samu sama da ƙuri'a 97,000 a jihar. Bush ɗin nan shi ya kai yaƙi Iraƙi a 2003. Don haka maganar Alhaji tana da nauyi a irin wannan tsari.

Nana Hadiza:
Mushe, ina da ja a nan. Wa ya ce ƙuri'un Nader na Gore ne? Ba gadonsa ba ne. Gore ko jiharsa ta Tennessee bai ci ba, da ya ci ta da bai buƙaci Florida ba. Ga kuma miliyoyin da suka zauna a gida ba su fita ba. Duk an bar waɗannan, an kama mutanen da suka fito suka zaɓi abin da suka yarda da shi. Wannan ba adalci ba ne.

Mushe Lawali:
Gaskiyarki kan Tennessee, ƴata. Amma mai jefa ƙuri'a ba shi da iko da kamfen ɗin Gore, ikonsa a kan takardar da ke hannunsa yake. Mutumin Florida ya san jiharsa a kan siraɗi take.

Habu Greensboro:
Abin da ke damuna ke nan, don tamu North Carolina ma ana kokawa a kanta kowane zaɓe. Obama ya ci ta a 2008 da ƙuri'a wajen 14,000 kawai. Ƴan'uwanmu da ke New York su ba ruwansu, an san Democrat za ta ci jihar, kowa na iya zaɓen son ransa. Akwai kuma wani lissafi da ƴan Green ke faɗa mana: ɗan takara in ya kai kashi 5 a ƙasa, jam'iyyarsa na samun kuɗin kamfe daga gwamnati a zaɓe na gaba. Nader ya nemi hakan a 2000 ya tsaya a ƙasa da kashi 3. Har yanzu ba su kai ba.

Sanusi Ɗan Issa:
Ku ƙetaro nan kusa mana. Ni kullum ina tsakanin Ɗan Issa da Jibiya da Katsina, zaɓen Najeriya na 2023 a gabana aka yi shi. Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.8, ƙasa da kashi 37. Atiku kusan miliyan 7, Peter Obi miliyan 6.1, Kwankwaso miliyan ɗaya da rabi. Atiku da Obi da Kwankwaso har farkon 2022 duk a PDP suke, Obi ma shi ne mataimakin Atiku a takarar 2019. Ku haɗa nasu ku gani, sun haura miliyan 14. Buhari fa sau uku yana faɗuwa, 2003 da 2007 da 2011, sai da aka narka CPC da ACN da ANPP aka yi APC a 2013 sannan ya ci a 2015. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni ina bayan Alhaji.

Nana Hadiza:
Yaya Sanusi, ka tambayi mutumin Kano ko yana ganin ya yi asara. Kwankwaso ya ci Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, bayan mako uku jam'iyyarsa ta NNPP ta ɗauki kujerar gwamna. Kafinsu ma Malam Aminu Kano bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, amma a 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta fitar da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, kuma jangali da haraji da talaka ke kuka da su a wannan zamanin aka soke su a can. Da Kanawa sun ce Malam ba zai ci ba mu bi NPN, da wa zai yi musu wannan?

Sanusi Ɗan Issa:
Wannan gwamna ne, ƙanwata. Maganar shugaban ƙasa muke.

Nana Hadiza:
To Senegal fa? Ousmane Sonko na uku ya zo a 2019 da kashi 15 da ɗoriya. A 2024 ɗan takarar jam'iyyarsa, Bassirou Diomaye Faye, ya ci tun zagayen farko da kashi 54. Kashi 15 ɗin nan su ne tushe. Kuma a nan gida Nijar Mahamadou Issoufou na uku ya zo a 1993, bai hau ba sai 2011.

Hajiya Rabi:
Tun ɗazu ina karantawa, kun je Amurka kun je Senegal. Ku dawo Maradi in faɗa muku abin da ke cin raina. Mu nan ƙuri'ar na uku ba ta ƙonewa, ɗaukarta ake a kai kasuwa.

A zaɓen Disamba 2020 ni na jagoranci matan unguwarmu. Mun yi wa wani ɗan takara aiki, ba zan kama suna ba. Gida gida muka bi, muna nuna wa mata hotonsa, don takardar hotuna 30 ke kanta, tsohuwa in ta shiga sai idonta ya raina fata. Akwai wata baiwar Allah da ta ɗaure guntun hoton a bakin zanenta don kada ta manta fuskar. Mun tsaya layi tun sanyin safiya, goyo a baya, kowa ta fito da tawada a yatsa tana murna. Mutuminmu bai kai zagaye na biyu ba, kuma mun san da ma da wuya ya kai. Ba wannan ya ɓata mini rai ba. Bayan ƴan makonni sai ga wakilin jam'iyya ya dawo da mota, da kallabi masu wata kala, ya ce daga Yamai an ce a koma wancan ɓangaren. Mutumin da muka yi wata biyu muna gaya wa mata kada su zaɓa, shi ne yanzu za mu koma mu ce su zaɓa. Ba wanda ya tara mu ya ji ta bakinmu. Ban san abin da aka yi alkawari a kanmu ba, ban ga rijiya ba, ban ga aji ba. Da wane ido zan kalli matan nan?

Alhaji Ila:
Allah ya saka miki, Hajiya. Abin da nake nufi ke nan. Tunda ƙarshenta wajen ɗayan manyan za a kai ki, gara ki je da ƙafarki tun farko, a san da ke aka ci.

Hajiya Rabi:
A'a Alhaji, ba haka nake nufi ba. Ni ban yi nadamar zaɓensa a zagayen farko ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da mu kaya.

Mushe Lawali:
Hajiya ta taɓo inda ciwon yake. Tsarin da muka yi zaɓe da shi har 2021 daga Faransa muka ɗauko shi: in ba wanda ya haura rabi, biyun farko su sake karawa. Saboda haka tsoron da Habu ke ciki bai kama mu sosai ba. A wajenmu na uku shi ke naɗa sarki, kuma ku bi tarihin ku gani.

1993, zaɓen farko bayan taron ƙasa. Tandja Mamadou na MNSD Nassara ya zo na ɗaya da kusan kashi 34, Mahamane Ousmane na CDS Rahama yana biye da kusan 27. Issoufou da Moumouni Adamou Djermakoye, na uku da na huɗu, suka mara wa Ousmane baya a ƙawancen AFC, ya ci da kashi 54. Issoufou ya zama firaminista, Djermakoye shugaban majalisa. Shekara ɗaya da rabi ba a cika ba ƙawancen ya watse, Issoufou ya ajiye aiki a Satumba 1994, aka rusa majalisa, aka shiga zaman doya da manja tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadou, har Kanar Ibrahim Baré ya yi juyin mulki a Janairu 1996.

1999 Ousmane ne na uku, ya bi Tandja, ya zama shugaban majalisa. 2011 Hama Amadou ne na uku da kusan kashi 20, ya bi Issoufou, ya zama shugaban majalisa, a 2013 suka ɓata. A zaɓen Disamba 2020, wanda aka kammala a 2021, Seini Oumarou ne na uku, ya bi Bazoum, ya zama shugaban majalisa. Sau uku kujera ɗaya. Kuma ku duba lissafin 2021: Bazoum ya samu kashi 39 a zagayen farko, Seini kusan 9, Albadé Abouba 7. In ka haɗa 55 ke nan, sakamakon da aka bayyana na zagaye na biyu kuwa 55 da ɗigo ne, ko da yake ƴan adawa ba su amince da shi ba. Shi ya sa shugabannin jam'iyyu ke shiga ɗakin ciniki da ƙarfin gwiwa, sun yarda duk inda suka juya jama'arsu za ta juya.

Abin da ban taɓa ji ba a duk waɗannan yarjejeniyoyi shi ne a fito a karanta wa jama'a cewa mun ba da goyon baya bisa sharaɗin a yi kaza a Dakoro, a yi kaza a Mayahi, a ɗauki malaman kwantaragi aiki na dindindin. Rabon kujeru muke ji.

Sanusi Ɗan Issa:
Mushe, amma ko zagaye biyun yana da tarkonsa, ko? Na tuna kun taɓa ba mu labarin Faransa a aji.

Mushe Lawali:
Ƙwarai. Afrilu 2002, ƴan takara 16. Masu ra'ayin gurguzu da ƙawayensu suka rarrabu, kowa ya ce bari in zaɓi na zuciyata yanzu, in koma wa babban ɗan takararmu Lionel Jospin a zagaye na biyu. Sai Jean-Marie Le Pen ya wuce Jospin da ƙasa da ƙuri'a 200,000, aka fitar da shi. Dole suka je suka zaɓi Jacques Chirac da ba sa so, ya ci da kashi 82. In kowa ya saki jiki cewa akwai gobe, wanda ake tanadi dominsa yana iya rasa gurbin.

Habu Greensboro:
Akwai wani tsari da jihar Maine ta yi amfani da shi a zaɓen shugaban ƙasa tun 2020, Alaska ma ta bi. Kana jera ƴan takara ne, wannan na fi so, in bai kai ba ga na biyu, ga na uku. In naka ya faɗi, ƙuri'arka ta koma kan wanda kai da kanka ka rubuta. Ba wanda zai je Yamai ya yi ciniki da ita.

Hajiya Rabi:
Habu, tsarin ya yi kyau a kunne. Amma matar da ta ɗaure hoto a bakin zane don ta gane fuska ɗaya, ita za ka ce ta jera mutum 30? Takardun da za a lalata sai sun fi na kirki yawa. Sai dai in an rage ƴan takara, an kuma yi shekaru ana koya wa mutane.

Nana Hadiza:
To ga tawa shawarar. Yanzu dai babu jam'iyyu, tun Maris 2025 aka rusa su, kuma duk ranar da za a koma zaɓe sai an rubuta sabuwar doka. Me zai hana a sa a ciki cewa kowane ɗan takara, tun kafin zagayen farko, ya bayyana a rubuce wanda zai bi in bai kai ba, da sharuɗɗan da ya gindaya? A karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna. Kowa ya shiga rumfar zaɓe ya san inda ƙuri'arsa za ta kwana.

Mushe Lawali:
An taɓa yin kusan haka ba tare da doka ba, ƴata. A Janairu 2011, ƴan kwanaki kafin zaɓe, Seini Oumarou da Mahamane Ousmane da Hama Amadou da wasu suka ƙulla ƙawancen ARN, cewa duk wanda ya kai zagaye na biyu a cikinsu sauran za su mara masa. Seini ya kai. A Fabrairu Hama ya sanar da goyon bayan Issoufou. Mutumin da ya zaɓi Lumana, jam'iyyar Hama, yana ganin ƙuri'arsa za ta tsaya a wancan ɓangare, ya wayi gari an kai ta wannan. Ban kawo wannan don in zargi mamaci ba, Allah ya jiƙan Hama, yana da nasa dalilai da ya faɗa a lokacin. Ina nuna miki ne cewa alkawarin ɗan siyasa kafin ƙirga daban yake da na bayan ƙirga. Wace kotu za ta tilasta wa mutum ya ɗaga hannun wanda ba ya so?

Nana Hadiza:
Kotu ba za ta tilasta ba, Mushe, amma in a rubuce yake an karanta wa kowa, jama'a na da abin riƙewa a zaɓe na gaba. Mu matasa ba mu ma san an yi ARN ba sai yanzu da kuka faɗa.

Alhaji Ila:
Ni fa har yanzu ban gamsu ba. Cikin mutum 30 na 2020, nawa ne ke da ofis a Tasawa ko Gidan Rumji da ke buɗe in ba lokacin zaɓe ba? Akasarinsu ko kashi 1 ba su samu ba. Wasu sun tsaya ne kawai don a san da su ranar rabon minista. Sonko da kike faɗa ya yi shekaru yana gina jam'iyya, ya zama ɗan majalisa, ya zama magajin garin Ziguinchor, ya sha ɗauri. Issoufou shekara 18 yana faɗuwa yana tashi da jam'iyya ɗaya. Ki nuna mini irin wannan in ba shi ƙuri'ata ko da na san bana ba tasa ba ce. Amma wanda sai an buga gangar zaɓe zai fito da hoto da lasifika a kan mota, a'a.

Nana Hadiza:
Baba Alhaji, ai kun sauko daga inda kuka fara. Ɗazu kun ce duk ɓarna ce.

Alhaji Ila:
Ga Habu a jihar da ake kokawa a kanta, kuma babu zagaye na biyu, har yanzu ina nan kan bakata. Nan gida ne na ce akwai sharaɗi.

Habu Greensboro:
Na ji, Baba. Ni dai abin da ban iya ba shi ne in sa hannuna a kan wanda ke biyan kuɗin bama-baman da nake gani a waya kowane dare. In hakan ya jawo mini wahala a nan, na ɗauka. Abin da zan ƙara shi ne in shiga zaɓen fid da gwani da na ƴan majalisar jiha da na gari, don can ƙuri'a ɗari na iya sauya sakamako, kuma yawancinmu ba ma fita.

Hajiya Rabi:
Ni kuma ga abin da na ƙudura, kuma na riga na faɗa wa mata ranar zubin adashi. Duk ranar da siyasa ta dawo, wanda ya zo neman mu yi masa aiki sai ya zauna a tabarma a gabanmu ya amsa tambaya biyu: in ba ka kai ba wa za ka bi, kuma me za ka nema mana a wajensa? Za mu sa ƴaƴanmu ƴan lakkol su rubuta, a ɗauki muryarsa a waya. Sabulu da turmin zane da jika biyu kuma mun daina karɓa, don kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, da su ake ɗaure mana baki in an dawo da sabon umarni. Zagaye na biyu kuwa ba zan sake bin gida gida da saƙon Yamai ba. Zan tara mata mu duba mutum biyun da suka rage, kowace ta faɗi abin da ta gani. Nana, in kin samu lokaci ranar Lahadi bayan la'asar ki zo ki maimaita musu lissafin nan na 1993 zuwa 2021 da Mushe ya kawo, da yawansu sun yi zaɓukan amma ba wanda ya taɓa jera musu shi haka.

Nana Hadiza:
In sha Allahu Inna, zan zo. Mushe, don Allah ku turo mini shekarun da sunayen a takarda ɗaya, har da na 2004 da 2016 da ba ku kawo ba.